Kada Mu Bar Su Su Kaɗai a Ƙofar Kotu

Jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku. Ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, direbobin tanka da tirela, malaman makarantun kuɗi, nas-nas da ungozoma, masu gadi da masu shara da ake ɗaukowa ta hannun ɗan kwangila, da ku iyaye da matan aure da tukunyarku ke jiran ƙarshen wata, maganar nan taku ce.

Babu kamfanin da zai rubuta wa ma'aikaci cewa an kore shi saboda ya shiga ƙungiya. Masu kamfani suna da lauyoyi, sun san abin da doka ta hana. Abin da ake rubutawa layi biyu ne: daga yau ba ma bukatar aikinka, ka miƙa katin shaida da kayan kamfani. Ko a ce ana garambawul. Ko a tono wata makara da ya yi bara waccan a mayar da ita babban laifi. Amma duk wanda ke cikin ma'aikatar ya san zancen. Wanda aka sallama shi ne ya zaga da fom ɗin ƙungiya makon jiya. Shi ne ya miƙe a taro ya tambayi inda kuɗin obataim ya maƙale. Shi ne ya ce injin da ya cinye yatsun wani yaro a gyara shi kafin a sake tayar da shi. Da safe maigadi ya tare shi a get, yana sunkuyar da kai, ya ce masa oga ya ce kada a bar shi ya shiga. Abokan aikinsa da suka raɓa ta gefensa suka wuce sun gane karatun sarai. Shi aka kora, su aka yi wa magana. Kafin azahar, fom ɗin da ke aljihun kowa ya koma kwandon shara.

To ku sani, dokar ƙasar nan ta haramta wannan, kuma ba a ɓoye ta haramta ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago ya hana a gindaya wa mai neman aiki sharaɗin cewa ba zai shiga ƙungiya ba, ya kuma hana a kori ma'aikaci ko a cuce shi saboda shi ɗan ƙungiya ne, ko saboda hidimar ƙungiya da ya yi bayan an tashi aiki, ko a lokacin aiki da yardar mai wurin. Tun a 1960, shekarar samun 'yancin kai, Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 da mai lamba 98, ɗaya kan 'yancin haɗa kai, ɗaya kan kare ma'aikaci daga ramuwar gayyar ubangidansa. Saboda haka takardar nan da ake tura wa yaranmu su sa hannu ran da aka ɗauke su, wai sun yi alkawarin ba ruwansu da ƙungiya, ba ta da ƙafar tsayawa a gaban alƙali.

An daɗe ba a cin moriyar waɗannan kalmomi. Kotunanmu sun gaji wata tsohuwar ƙa'ida daga Ingila, ta ubangida da bara: mai wuri yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, muddin ya ba shi notis, kuma ba a tilasta wa ubangida bawan da ba ya so. In ka yi ƙara ka ci, abin da za a ba ka shi ne kuɗin notis. Je ka duba sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ka ga yawansa: wanda ya yi shekara biyar ko fiye, wata ɗaya ne, sai fa in takardar ɗaukarsa ta ba shi fiye da haka. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban inji, ya yi shekaru yana sintiri a kotu, a ƙarshe a miƙa masa albashin wata guda. Wa zai yi ƙara?

Abin ya sauya daga 2011, bayan gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki. Gyaran ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, zuwa sahun manyan kotuna, sashe na 254C kuma ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'un ƙwadago, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin duniya da Nijeriya ta amince da su. Kotun nan ta sha faɗa cewa korar mutum ba tare da dalili ba ta saɓa wa kyakkyawan tsarin aiki na duniya. Ta kuma tsaya a kan cewa wanda aka tabbatar don ƙungiya aka kore shi ana iya mayar da shi bakin aikinsa, ko da kamfanin na 'yan kasuwa ne. Tana zama a Kano, da Kaduna, da Sakkwato, da Jos, da Bauchi, da Yola. Ba sai ka yi kuɗin mota zuwa Legas ba.

Sai ku ce, to ina matsalar? Matsalar lokaci ce, lokaci kuwa yunwa ce ga wanda albashinsa ya tsaya.

Ku tuna da malamai 49 na Jami'ar Ilori. A 2001 jami'ar ta sallame su saboda sun ƙi komawa aji lokacin yajin aikin ƙasa na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2006. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta rufe zancen, ta fara da mutum biyar a watan Yuni, sauran 44 a watan Disamba, ta ce a mayar da su aiki a biya su dukkan haƙƙoƙinsu. Shekara takwas. Wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar, iyalansu ne suka ji labarin nasara. Yanzu ku auna: waɗannan farfesoshi ne da daktoci, sun san doka, sun iya rubutu a jarida, aikinsu na gwamnati ne mai kariya ta musamman, ga ƙungiya mai ƙarfi kamar ASUU a bayansu. Su ke nan suka sha shekara takwas. Yaya lebura mai ɗaukar buhu, wanda ko takardar ɗaukar aiki ba a ba shi ba, wanda albashinsa da ƙyar ya kai mafi ƙarancin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024? Wata na biyu mai gidan haya zai ƙwanƙwasa. Wata na uku za a koro yara daga makaranta. Wata na huɗu za a sayar da babur. Lauyan kamfani ya san wannan lissafi fiye da kowa, shi ya sa ba ya gaggawa. Yau ya ce kotun ba ta da hurumi, gobe ya ce ba a miƙa masa takardu daidai ba, jibi shaidarsa ya yi tafiya, a ɗage zuwa bayan hutun alƙalai. Bukatarsa ita ce mai ƙara ya gaji. Ran da ya gaji, za a kira shi gefe a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya sa hannu ya janye, a ce an sasanta.

Kada kuma a ɗauka 'yan kasuwa ne kaɗai. A watan Mayun 2021 ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana biyar a Kaduna kan sallamar dubban ma'aikata. Gwamna Nasir El-Rufai ya shelanta cewa ana neman shugaban ƙungiyar, Ayuba Wabba, ruwa a jallo, ya kuma sanar da korar nas-nas 'yan ƙasa da mataki na 14 da suka shiga yajin. Sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani aka dakatar da yajin a rana ta uku. Kowa yana da ra'ayinsa kan yawan ma'aikatan jiha da ƙarancin kuɗin shiga, wannan muhawara ce da za a iya yi. Amma idan gwamnati, wadda aka damƙa wa tsaron doka, ta mayar da takardar kora makamin ladabtar da mai yajin aiki, wane darasi mai ƙaramin kamfani a Kakuri zai ɗauka?

Wani misalin shi ne na matatar Dangote da ke Lekki, a watan Satumban 2025. Ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, PENGASSAN, ta ce an sallami ma'aikata sama da 800 jim kaɗan bayan sun shiga cikinta. Kamfanin ya musanta, ya ce garambawul ya yi saboda zagon ƙasa da ake yi wa matatar, kuma bai hana kowa shiga ƙungiya ba. Ƙungiya ta kira yajin aiki, ta umarci a rufe iskar gas da ɗanyen mai da ke zuwa matatar. Kamfani ya garzaya Kotun Ma'aikata a Abuja ya samo umarnin wucin gadi da ya hana ƙungiyar. Daga bisani aka zauna da Ministan Ƙwadago, Muhammad Maigari Dingyaɗi, aka cimma matsaya cewa za a mayar da ma'aikatan wasu kamfanonin rukunin Dangote ba tare da an rage musu albashi ba, aka janye yajin a farkon Oktoba. Na san yadda zukatanmu suka karkata a nan Arewa. Dangote ɗanmu ne, matatar abin alfahari ce, kuma mun sha wuyar layin mai. Ni ma ba na son ko ƙusa ɗaya ta matatar nan ta lalace. Amma alfahari ba ya amsa tambaya. Ku lura da abu ɗaya: umarnin da ya kare kamfani cikin kwanaki ya fito. Yaushe kuka taɓa jin umarnin da ya mayar da korarren lebura bakin aiki cikin kwanaki? Kuma abin da ya kawo kowa kan teburi shi ne ƙungiyar tana da hannun da za ta iya rufe bututu. Malamar makarantar kuɗi a Hotoro ko Tudun Wada ba ta da bututun da za ta rufe. Mu kaɗai take da.

Na san abin da wasunku za su ce, don ana faɗa a majalisa da tashar mota. Za a ce 'yan ƙungiya ba su da tausayi. ASUU ta zaunar da 'ya'yanmu a gida wata takwas a 2022. An kashe wutar ƙasa baki ɗaya a yajin aikin Yunin 2024. Wasu shugabannin ƙungiya sun yi ƙiba da kuɗin da ake cirewa a albashin mambobi, sai ran bikin ma'aikata ake ganinsu da hula da riga iri ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, kuma zan dawo kansu. Amma wanda ake kora ba shi ne mai ofis a Abuja ba. Shi ba mai iya taɓa shi. Wanda ake kora shi ne sakataren reshe, yaron da ya iya karatu aka ce ya riƙe littafi, matar da ta ce mai jego tana da haƙƙin hutu. Fushinku da manya bai kamata ya sauka a kansu ba. Kuma in kuna son ganin wurin aikin da babu mai ɗaga murya, ku tuna watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Kano, bayan an kulle su ciki watanni a zamanin korona. Da akwai reshen ƙungiya mai rai a wurin, da ba a kwana uku ba labari ya fita.

Za a kuma ce arziki na Allah ne, wanda aka kora ya yi haƙuri, Allah zai buɗa masa wata ƙofa. Haka ne, arziki na Allah ne. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce wanda aka ƙwace wa gona kada ya je gaban alƙali ba. Haƙuri da ƙaddara daban, sallama wa zalunci daban. Hutun ƙarshen mako, da fansho, da ƙarin albashi da muke ɗauka kamar daga sama suka faɗo, wasu ne suka biya da aikinsu, wasu da ransu. Michael Imoudu da ma'aikatan reluwe sun tsayar da ƙasar nan sama da kwana arba'in a 1945 kan tsadar rayuwa. 'Yan sandan mulkin mallaka sun harbe mahaƙan kwal 21 a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamban 1949. Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG ya shiga hannun Abacha a 1994, bai fito ba sai 1998. Kano ce ma, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin tarayya ta bi sahu a 1981. Ba baƙon abu ake kiran mu gare shi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa ma'aikaci, tun kafin ranar ta zo ka shirya. Doka ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce. Ka nema, in an ba ka ka adana ta inda kake adana takardar fili. Saƙon banki na shigar albashi kada ka goge. Ka ɗauki hoton fom ɗin ƙungiya da ka cike, da ranar da ka cike shi, da duk takardar tuhuma da amsar da ka bayar, da saƙon manaja na WhatsApp da ya ce ka fita harkar nan ko ka gani. Alƙali ba ya wurin, takarda da shaida yake gani, kuma kusancin ranar shigarka ƙungiya da ranar korarka hujja ce. In an kira ka ofis an tura maka takardar ajiye aiki, kada ka sa hannu, ko an ce don a rufa maka asiri ne. Wanda ya ajiye aiki da kansa zai sha wuyar nuna cewa korarsa aka yi. In an ba ka kuɗin sallama tare da takardar da ke cewa ba ka bin kowa komai, ka kai wa lauya ya karanta kafin alƙalaminka ya taɓa ta. Kada ka yi jinkiri, musamman in gwamnati kake yi wa aiki: akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, kotuna sun yanke hukunci iri biyu kan ko ta shafi shari'ar aiki, kai dai kada ka bari a gwada a kanka. In ba ka da kuɗin lauya, ka fara da ofishin ƙungiyarka na jiha, da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Kotun Ma'aikata ita kanta tana da cibiyar sulhu.

Ku kuma da kuka rage a ciki, abokan aikinsa, a hannunku shari'ar take. An sha faɗuwa a kotu ba don rashin gaskiya ba, sai don ran ba da shaida kowa ya kashe waya. Na san tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Amma mutum ɗaya ake iya tsorata. In ku goma kuka rubuta abin da kuka gani kuka sa hannu tare, korarku ta zama sabuwar hujja a kan kamfani. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku yi masa asusu, kowa ya ajiye wani abu ran albashi, kamar yadda kuke adashi. Kwanon shinkafa da kuɗin makarantar yara su ne ke hana mutum sayar da ƙararsa da arha.

Shugabannin ƙwadago, na ce zan dawo kanku. Kuɗin da ake cirewa a albashin mambobi duk wata amana ce. Nawa kuka ware don lauyoyi? Nawa kuka ware don ciyar da wanda aka kora saboda ya ɗauki tutarku? Ku buga lissafin, mambobi su gani. Kunya ce a tura yaro ya kafa reshe, in an kore shi a daina ɗaga wayarsa. Ku fita daga sakatariyar gwamnati ku shiga inda ake shan wuya, wurin ma'aikatan wucin gadi da na 'yan kwangila, waɗanda ake sabunta wa takarda duk bayan 'yan watanni don kada su taɓa zama cikakkun ma'aikata. Doka ba ta cire su daga sashe na 40 ba, ku ne kuka manta da su.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, mimbari yana hannunku duk Juma'a, kuma kun fi mu sanin nauyin haƙƙin ɗan ƙwadago a addini. Mai masana'antar yana sahun gaba, leburansa yana sahun baya, huɗuba ɗaya za ta ishe su. Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, in an kawo muku irin wannan ƙara, kada sulhun ya zama a ba talaka haƙuri kawai a sallame shi. 'Yan jarida, kada ku tsaya a ranar kora da ranar zanga-zanga. Ku bi shari'ar, ku faɗa mana sau nawa aka ɗage, wa ya nemi ɗagewar. Matasa lauyoyinmu, kowannenku ya ɗauki irin wannan shari'a ko guda ɗaya kyauta. Sauran jama'a kuwa, zauren kotu a buɗe yake, ba a biyan kuɗin shiga. Ku tambayi ranar zama, ku je ku cika benci. Alƙali da lauya mutane ne, suna ganin bambancin ƙarar da mutum ɗaya ya zo da tsohon fayil a hammata da wadda unguwa guda ta rako.

Sannan dokar ita kanta tana bukatar haƙora. Dokar Ƙwadago tun shekarun 1970 aka rubuta ta, zamanin soja, tarar da ke cikinta da ɗaruruwan naira da 'yan dubbai ake lissafa ta, kuɗin da bai kai na man janaretan kamfani na awa ɗaya ba. Muna son a gyara ta yadda da zarar ma'aikaci ya nuna shi ɗan ƙungiya ne kuma korarsa ta biyo bayan hidimar ƙungiya, nauyin kawo hujja ya koma kan wanda ya kore shi. Muna son a yanka wa irin wannan shari'a wa'adi, kamar yadda Kundin Tsarin Mulki ya yanka wa ƙarar zaɓe kwana 180 a kotun farko. In an iya yi wa kujerar ɗan siyasa, ana iya yi wa tukunyar lebura. Muna son kotu ta riƙa ba da umarnin ci gaba da biyan albashi har a yanke hukunci, don mai jan shari'a ya ji jan a aljihunsa. Wannan aikin Majalisar Tarayya ne, domin harkar ƙwadago a hannunta take. Sanatocinku da 'yan majalisar wakilanku suna nan tafe neman ƙuri'a kafin zaɓen 2027. Kafin ku karɓi taliya ko atamfa, ku tsayar da su a gaban jama'a, ku tambaye su wane ne a cikinsu zai gabatar da wannan ƙuduri, a wane wata, kuma ku ɗauki amsar a waya.